Martani: Wuta da Sabis Kafin Kwamfutar Miliyan

Na karanta rubutun da wani ɗan'uwa marubuci ya fitar kwanakin baya a kan kayan aikin da mai rubuta manhaja ke dogara da su kullum. Ya jero su ɗaya bayan ɗaya: sabuwar MacBook, manyan allunan kallo guda biyu, kibod mai tsada, kujera ta musamman don kare baya, abin toshe hayaniya a kunne, da manhajojin da ake biyan kuɗinsu da dala duk wata. Daga nan ya yanke hukunci cewa matashin Kebbe ko Tambuwal da bai mallaki waɗannan ba yana ɓata lokacinsa ne, kuma hanya biyu ce gare shi: ko 'yan siyasa su saya masa, ko ya tattara ya nufi Abuja ko Legas. Malam, wato marubucin, ya yi rubutun da kyakkyawar niyya, domin duk mai karantawa zai ga yana son yaranmu su yi gogayya da na ko'ina. Sai dai jerin nasa an tsara shi ne don mutumin da wuta ba ta yanke masa, sabis bai gudunsa, kuma albashinsa da dala yake zuwa. Idan aka ɗauko shi yadda yake aka dire a kudancin Sakkwato, zai hana masu ƙwazo farawa, ya kuma sa a kashe ɗan abin da ke hannu a inda bai fi amfani ba. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, kayan aikin mai rubuta manhaja a wannan yanki suna da nasu jeri: wuta, sabis, kwamfuta mai jure wahala, manhajar kyauta, sannan malami. Tsadar kwamfuta ita ce ta ƙarshe a lissafi.

Mu fara da kuɗi, tunda shi ne ke raba mafarki da zahiri. Mafi arhar sabuwar MacBook Air tana farawa ne daga kusan dala dubu ɗaya. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 a farashin gwamnati har ta haura 1,500 a 2024. Ke nan kwamfutar kaɗai ta kai kimanin naira miliyan ɗaya da rabi, kafin a zo kan alluna da kujera. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne, wato ma'aikaci zai tara albashin fiye da wata ashirin bai ci ba bai sha ba kafin ya saya wa ɗansa na'ura guda. Ƙaramar hukumar Kebbe kuwa, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da 120,000, mafi yawan gidajenta da noma da kiwo suke rayuwa, ba su ma cikin lissafin albashi. Wanda ya ce wa ɗan manomi a Kuchi ko Ungushi ko Sanyinna sai ya mallaki wannan kafin ya rubuta layin farko na manhaja, ya rufe masa ƙofa ne tun bai ƙwanƙwasa ba.

Tarihin sana'ar kanta bai goyi bayan Malam ba. A 1991 Linus Torvalds yana ɗalibi a Helsinki ya fara rubuta Linux a kan kwamfuta samfurin 386 da ya saya da biyan kaɗan-kaɗan, mai ƙwaƙwalwar aiki megabayit 4. Yau Linux ke tafiyar da mafi yawan manyan kwamfutocin da ke riƙe da intanet, kuma a kansa aka gina Android da ke cikin wayoyin da ke aljihun mutanen Margai da Dogon Daji. Wayar Android da ta fi kowace arha a kasuwa a yanzu ta ninka waccan kwamfuta ƙwaƙwalwa sau ɗaruruwa. Wannan hujja ba ta nufin aikin yau daidai yake da na 1991. Manhajoji sun yi nauyi, babu musu. Abin da take nunawa shi ne, asalin aikin rubutu ne da tunani: a fahimci matsala, a rarraba ta, a rubuta umarni, a gwada, a gano kuskure, a gyara. Fayil ɗin da mai koyo ke rubutawa da harshen Python ko JavaScript bai kai nauyin hoto ɗaya na waya ba. Tela nawa ne a kasuwannin yankin nan suka ciyar da iyali, suka aurar da 'ya'ya, da keken ɗinki na ƙafa, suka sayi na lantarki daga baya lokacin da aiki ya kawo kuɗinsa? Haka wannan sana'a take: hannu ake fara gyarawa, kayan aiki su biyo bayan ciniki.

Babban abin da jerin Malam ya tsallake shi ne wuta, alhali ita ce uwar kayan aiki. Sakkwato, Kebbi, Zamfara da Kaduna kamfanin rarraba wuta na Kaduna ne ke ba su, kuma a watan Oktoban 2024, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da matsalar da ta biyo baya a layin da ke shigowa ta Binuwai, yawancin Arewa ta yi kwanaki cikin duhu. Janareto kuma ya daina zama mafita mai sauƙi tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura dubu ɗaya kafin ƙarshen 2024. Duk wanda ya tsaya a shagon caji a garuruwan nan ya ga katako mai ramukan soket jere, wayoyi da dama a kansa kowace da lambarta manne, janareto na ruri a bayan shago, ya san yadda mutane ke auna wuta da awo. A nan lissafi ke juya wa jerin Malam baya. Laftof na aiki yakan ci wat 30 zuwa 60. Kwamfutar tebur da manyan alluna biyu tana iya cin ninkin wannan sau huɗu ko fiye, kuma da an ɗauke wuta ta mutu nan take, da aikin da ba a adana ba. Laftof mai cin wat 45 na awa shida yana buƙatar abin da bai kai kashi ɗaya cikin uku na yunit guda ba. Farantin sola mai wat 200, a ƙarƙashin ranar Sakkwato da ke cikin mafi ƙarfi a Najeriya, yana ba da fiye da ninki biyu na wannan a yini, har a caja waya da fitila. Saboda haka naira ta farko da mai koyo zai kashe bayan kwamfuta, a farantin sola da batir ya kamata ta tafi, kafin allo na biyu ya shigo zance.

Na biyu shi ne sabis. Malam ya gina aikin yini na mai rubuta manhaja bisa zaton cewa intanet yana nan kamar iska. Mutanen Sakkwato sun san ba haka ba ne. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, bayan an yi haka a Zamfara, wadda Kebbe ke iyaka da ita. A watan Janairun 2025 kuma hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Don haka mai hankali a nan yana zaɓar kayan aikin da ke tafiya ko babu sabis. Git, wanda Torvalds ya rubuta a 2005, yana adana tarihin duk gyaran da aka yi a cikin kwamfutar kanta, sai ranar da aka samu sabis a tura shi GitHub cikin 'yan daƙiƙoƙi. Cikakken bayanin harshen Python ana sauke shi sau ɗaya a ajiye. Manhajar Zeal tana tara littattafan bayani na harsuna da dama don dubawa ba tare da intanet ba, Kiwix kuma yana ɗauke da Wikipedia a kan ma'ajiya. Darussan CS50 na Jami'ar Harvard kyauta ne, kuma bidiyonsu ana saukewa. Mutum ɗaya ya sauke a Sakkwato ko Aliero, ya zuba a filas, goma su kwafa a Kebbe. Waɗannan su ne kayan da ya kamata a sanar da yaranmu sunayensu, ga layin waya biyu na kamfanoni daban-daban don in ɗaya ya ɗauke a koma ɗayan.

Sai mu zo kan kwamfutar. Abin da ya dace da wannan ƙasa shi ne laftof na hannu daga cikin waɗanda manyan kamfanoni ke sauyawa bayan 'yan shekaru: ThinkPad na Lenovo, Latitude na Dell, ko EliteBook na HP. An ƙera su don aikin ofis na yau da gobe, da sukurdireba ake buɗe yawancinsu, kuma kayan gyaransu suna nan a Titin Beirut da Farm Centre a Kano da wajen masu gyara a cikin Sakkwato. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a inda zafi ke haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, hunturu kuma ya cika ko'ina da ƙura. Idan mai gyara ya kwance bayan laftof da ya sha hunturu biyu, zai tarar da ƙura ta dunƙule kamar auduga tsakanin fanka da mafitar iska, shi ya sa na'urar ke zafi tana kashe kanta. Buroshi da ɗan man sanyaya injin sun isa a dawo da ita hayyacinta. A irin waɗannan kwamfutoci ana cire tsohon faifai mai juyawa a sa na zamani da ake kira SSD, a ƙara ƙwaƙwalwar aiki zuwa gigabayit 8 ko 16, a sauya batir. Sababbin MacBook kuwa ƙwaƙwalwarsu da ma'ajiyarsu a manne suke da allon injin, ba a ƙarawa, kuma in sun lalace gyaransu sai an yi tafiya. Akwai ma wata dama da ta buɗe: Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 ba ya karɓar yawancin tsofaffin injuna. Waɗannan na'urori lafiyarsu ƙalau, kuma Linux Mint ko Ubuntu suna tafiya a kansu kyauta, ba lasisin sata, ba fargabar ƙwayar cuta da ke zuwa da manhajar da aka fasa.

A kan manhaja ma haka zancen yake. Kusan duk abin da ƙwararru ke amfani da shi a kullum kyauta ne: VS Code na rubutu, Git na adana tarihi, Python da Node da PostgreSQL, da burauzar da ake gwaji a cikinta. Wanda ke aiki a babban kamfani a Amurka da wanda ke koyo a ɗakin zaure a Jabo, editan rubutu ɗaya suke buɗewa. Ko wanda bai samu laftof ba tukuna yana iya farawa da waya: manhajar Termux tana ba wayar Android damar gudanar da Python da Git, kuma da ƙaramin kibod na waje ana iya koyon tushen sana'ar na watanni. Ba na cewa waya ta isa a yi sana'a da ita har abada. Allonta ƙarami ne, ido da wuya suna gajiya. Amma ta isa mutum ya gane ko yana da sha'awa da juriya kafin iyayensa su sayar da buhunan gero ko rago don saya masa kwamfuta.

Malam zai ce akwai aikin da tsohuwar kwamfuta ba ta ɗauka, kuma gaskiya ne. Android Studio yana buƙatar aƙalla gigabayit 8, ya fi sakewa da 16. Manhajar iPhone sai da Xcode, shi kuwa a kan Mac kawai yake tafiya. Horar da manyan tsare-tsaren ƙirƙirarriyar basira yana son injuna masu ƙarfin gaske. Amsa ita ce, waɗannan rassa ne da ake kaiwa bayan an kafu, kuma kowannensu yana da hanya. Laftof na hannu mai gigabayit 16 yana ɗaukar Android Studio, musamman in aka gwada manhajar a kan wayar gaske maimakon wayar kwaikwayo da ke cinye ƙwaƙwalwa. Aikin ƙirƙirarriyar basira ko masu MacBook ba a kan teburinsu suke yin mai nauyinsa ba. Injunan nesa suke haya, kuma Google Colab yana ba mai koyo wani kaso kyauta. Mac kuwa, ranar da wani ya ba ka kwangilar manhajar iPhone, kuɗin kwangilar ne zai saya maka. Sayen kayan aikin shekara ta biyar a shekarar farko asara ce, domin kafin a kai ga buƙatarsa ya tsufa.

Zai kuma iya cewa ina koya wa talaka gamsuwa da kaɗan, ina wanke shugabanni daga nauyin da ke kansu. Wannan ita ce tuhuma mafi nauyi, kuma amsarta ita ce abin da nake nema daga shugabanni ya fi rabon kwamfuta wuya. Rabon kaya biki ne na yini ɗaya, a ɗauki hoto a watse. Najeriya ta taɓa gwada shi: a 2007 shirin nan na kwamfuta ɗaya ga kowane yaro ya kai na'urori wata firamare a Galadima kusa da Abuja, duniya ta yi ta yayatawa, amma shirin bai bazu a makarantun ƙasar ba. Darasin da aka koya a ƙasashe da dama daga wannan shiri shi ne, na'ura ba ta koyar da kanta. Tana buƙatar wuta, mai gyara da malami. Mazaɓar Kebbe da Tambuwal ta fitar da Kakakin Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015, wanda ya zama gwamna daga 2015 zuwa 2023, don haka ba yanki ne da bai san hanyar gwamnati ba. Abin da ya dace a nema shi ne cibiya a Kebbe da wata a Tambuwal, kowace da sola da batir, da laftof na hannu kamar ashirin masu Linux, da layin intanet guda da ake rabawa. Tun Janairun 2023 Starlink ke aiki a Najeriya; ya yi wa mutum ɗaya tsada, amma in ɗalibai ashirin suka raba ya zama abin iyawa. A ƙara da kwamfuta ɗaya da ke ajiye darussa don ranar da sabis ya ɗauke, da albashin malami da mai gyara na shekaru, ba na watanni ba. Kuɗin da zai sayi MacBook ga mutum biyar zai zaunar da ɗalibai ashirin a gaban na'ura.

Game da shawarar ƙaura kuwa, babu laifi mutum ya nemi arziki inda ya ga dama, kuma Bahaushe bai taɓa tsoron tafiya ba. Amma a ce tafiya ita ce sharaɗin farawa, wannan kuskure ne. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana Sakkwato, da cibiyarta ta binciken makamashi da ta daɗe tana aiki a kan hasken rana. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Abdullahi Fodiyo, mallakar Jihar Kebbi, tana Aliero, kan hanyar da ta bi ta Tambuwal zuwa Jega. Shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 don horar da matasa miliyan uku yana ɗaukar mutane daga kowace jiha, kuma yawancin karatunsa ta intanet ne. Sannan akwai wata riba da mai zama a gida ke da ita wadda kuɗi ba su saye. Wanda ya rubuta manhaja a kan injin mai ƙarfi da intanet mai gudu, sau da yawa yakan fitar da abin da ke maƙalewa a wayar gigabayit 2 mai sabis sanda ɗaya. Wanda ya rubuta ta a Kebbe zai ji nauyinta a hannunsa tun ranar farko. ODK, manhajar tattara bayanai da ma'aikatan lafiya suka yi amfani da ita a aikin rigakafi a Arewa, ta karɓu ne saboda tana cika fom babu sabis, ta tura daga baya. Irin wannan ake buƙata don lissafin mai POS, rajistar ɗalibai a makarantun Islamiyya, bashin taki na ƙungiyar manoma, da farashin hatsi da dabbobi daga kasuwa zuwa kasuwa. Wanda ya san yadda dillali ke ƙirga buhu, kuma yana jin Hausa da Fulatanci, ya fi kowa cancantar rubuta ta.

Ban musanta cewa kwamfutar hannu tana da haɗari ba. Akwai wadda aka yi wa kwalliya alhali cikinta ya gaji. Maganinsa sani ne: a je da wanda ya iya, a duba lafiyar batir, a danna kowane maɓalli, a gwada ramukan caji da na filas, a bar ta ta yi aiki rabin awa a ji zafinta, a karɓi rasit da sharaɗin mayarwa. Bayan saye, a riƙa ajiye kwafin aiki a wuri biyu, a lulluɓe ta daga ƙura, a ɗora ta kan abu mai tauri maimakon katifa ko darduma da ke toshe mata iska, kada kuma a haɗa ta da janareto ba tare da abin kare ta daga hawan wuta ba. A cikin jerin Malam akwai abu ɗaya da na yarda da shi ɗari bisa ɗari, wato kula da zama. Ciwon baya da na wuya gaskiya ne ga mai yini a gaban allo. Sai dai kafinta a Tambuwal zai yi tebur da kujera daidai tsayin mai su, a ɗaga laftof zuwa saitin ido, a sa kibod na waje mai sauƙin kuɗi, buƙata ta biya.

Ina roƙon Malam, da duk masu alƙalami da matasa ke saurara, su sake rubuta jerin nan da lissafin ƙasarmu. Su gaya wa yaro ya fara yau da wayar da ke hannunsa, ya tara don laftof na hannu, ya bi shi da sola, ya sauke darussansa, ya nemi abokan karatu biyu ko uku da za su riƙa duba aikin juna. Su gaya wa iyaye cewa abin da ake nema bai kai miliyan ba, kuma 'ya mace tana da haƙƙi a cikinsa daidai da ɗa namiji, tunda sana'a ce da ake yi daga cikin gida. Su gaya wa shugabannin ƙananan hukumomin Kebbe da Tambuwal, da 'yan majalisa da attajiran yankin, cewa a sa kuɗin cibiya da albashin malami a kasafin shekara mai zuwa, a kuma bayyana wa jama'a adadin ɗaliban da suka kammala da ayyukan da suka rubuta. Wannan shi ne abin da za a iya aunawa, kuma shi za mu tambaye su a kai.